Gyaran nono bayan aikin sankara: abin da za ki sani tun kafin a shiga da ke tiyata

Idan likita ya ce miki sankarar mama ce kuma Allah ya sa an kama ta da wuri, toh maganar gyaran nonon ba bayan aiki ake fara ta ba, tun kafin a sa miki ranar tiyata ake yin ta. Tun ran gini tun ran zane. Inda likita zai tsaga, da yawan fatar da zai bari, da ko zai bar kan nonon ko zai haɗa da shi ya cire, duk a wannan aikin na farko ake yanke hukuncinsu, kuma abin da aka riga aka yanke aka kai ɗakin gwaji ai ba ya dawowa. Mata da yawa a wajenmu ba a ma gaya musu akwai wani abu wai shi gyara, cirewa kawai ake yi a ɗinke a sallame ta, ta koma gida tana cusa safa ko tsumma a rigar nono, in ta sunkuya yin shara ya zame ta yi sauri ta gyara kar yara su gani, sai bayan shekara biyu ko uku ta ji labarin ashe ana yi. Ana iya yi a lokacin ma, ba wai ƙofa ta rufe ba, amma zaɓin ya ragu.

Don haka tambayar farko da za ki yi ita ce, dole ne sai an cire nonon gaba ɗaya, ko ƙullutun kawai za a iya cirewa? Kar ki ji tsoron wannan tambayar, kuma kar ki ɗauka cire duka shi ne ya fi tsira. Likitoci biyu, Umberto Veronesi a Milan ta Italiya da Bernard Fisher a Amurka, sun bi mata na tsawon shekara 20, sakamakon ya fito a 2002, suka nuna cewa a sankarar da aka kama da wuri, macen da aka cire wa ƙullutu aka bi ta da gashi da wadda aka cire wa nonon duka tsawon rayuwarsu ɗaya ne. Amma ki lura da sharaɗin fa, gashi. Gashin nan na inji ne, wato haske mai ƙarfi da ake haska wa wurin ya kashe ragowar sankarar, ana zuwa kullum Litinin zuwa Juma'a, yawanci sati 3 zuwa 5, kuma ba kowane gari ke da injin ba, a arewa wuraren da aka daɗe da sani su ne asibitin koyarwa na ABU da ke Shika a Zariya, da na Usmanu Danfodiyo a Sokoto, da babban asibitin ƙasa na Abuja, a Nijar kuma akwai cibiyar kansa ta Yamai. In kin san ba ki da halin zuwa ki zauna wata guda a wani gari, ko ba a samo miki layi ba, ki faɗa wa likita gaskiya tun yanzu, saboda cire ƙullutu ba tare da gashi ba ganganci ne, sankarar ta fi saurin dawowa a wurin. Wannan ne ma ya sa likitocinmu da yawa suke karkata ga cire duka, ba mugunta ba ce.

Toh mu ce an yarda ƙullutun za a cire. Nan ma akwai gyara, kuma shi ne mutane suka fi mantawa. In ƙullutun ƙarami ne nonon kuma da girmansa, cirewa ake yi a rufe shikenan. Amma in abin da za a ɗebe ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na nonon, ko yana ƙasa da kan nono ko ta ɓangaren tsakiyar ƙirji, in aka rufe haka nan da farko sai ki ga lafiya lau don ruwa ya cika ramin, bayan gashi ruwan ya tsotse sai wurin ya lotsa, kan nonon ya karkace ya kalli gefe, kuma gyara wannan lotsawar daga baya ya fi wuya nesa ba kusa ba. Hanya biyu ake bi a hana hakan a aiki ɗaya. Ko a motso sauran naman nonon a cike gurbin, ga mai manyan nonuwa ma sai a yi aikin da tsarin rage nono, a cire sankarar a ɗaga shi ya tattaru, ɗayan ma a rage shi su daidaita, wasu matan har ciwon baya da kafaɗa da suke fama da shi ya tafi. Ko kuma ga mai ƙaramin nono a ɗauko fata da kitse daga gefen ƙirji, nan ƙasan hammata inda rigar nono ke matsewa, a juyo shi ciki da jijiyar jininsa ya cike ramin. Ki tambaya ko za a sa 'yan ƙananan ƙarafunan alama a inda ƙullutun yake, don masu gashi su san inda za su auna tunda an motsa naman.

In kuwa cire duka ne, saboda ƙullutun ya yi wa nonon girma ko yana wuri fiye da ɗaya ko ba halin gashi, toh shi ma kala-kala ne. Akwai wanda ake ɗebe fata da yawa a bar ƙirjin a shafe da tabo a kwance. Akwai wanda ake bar fatar a cire kan nono da abin da ke ciki kawai. Akwai kuma wanda har kan nonon ake bari in sankarar ta yi nisa da shi kuma gwajin naman bayansa ya fito ba komai. Biyun ƙarshe ba su da amfani sai in za a cika fatar a ranar, don haka kinga dole likitan gyara ya san da ke kafin ranar. Sau da yawa mutum biyu ne, mai cire sankara daban, mai gyaran jiki daban, wato irin likitocin da ke kula da waɗanda suka ƙone da masu tsagaggen leɓe, a manyan asibitocin koyarwa ake samunsu. Ki ce dan Allah a haɗa ki da shi kafin a sa rana, jinkirin sati ɗaya ko biyu don wannan ganawar ba shi ne zai canza sankarar ba, jinkirin watanni wajen mai magani shi ne yake kashewa.

Sai tambaya ta biyu, wadda a ganina duk ta fi nauyi: bayan an cire, ana sa ran za a yi min gashi? Yawanci amsar tana rataye da girman ƙullutun da kuma kaluluwar hammata, in ya wuce santimita 5 ko an samu sankara a kaluluwa huɗu ko fiye gashi ya zama dole, in ɗaya zuwa uku ne ma sau da yawa ana bayarwa. Abin da ya sa na ce ta fi nauyi, gashi yana sa fata ta yi tauri ta tsuke jininta ya ragu, kuma ba ya shiri da robar silikon da ake cika nonon da ita sam, tana taurara a ciki ta haye sama ta dinga ciwo, wani lokacin ciwon ya buɗe sai an cire ta. Naman jikinki ya fi jure gashi amma shi ma yana ɗan tsukewa. Shi ya sa in gashi tabbas ne likitoci da yawa za su ce a bari a gama magani, a ba fatar wata 6 zuwa shekara ta huce, sannan a gyara da naman jiki. In kuma ba a sa ran gashi, gyara a rana ɗaya da cirewa ya fi kyau a ido, fatarki ce da launinki, kuma ba ki farka kin ga wurin wayam ba. Amma ko a nan ki sani in ciwon ya ƙi warkewa da wuri zai iya jinkirta kemo, wato maganin sankara da ake yawan sawa ta jijiya, kuma kemo ba a so ya wuce 'yan makonni bayan aiki ba a fara ba. Magani ne gaba, gyara na biye.

Yanzu hanyoyin kansu. Ta farko roba, wato jakar silikon, wasu kuma ruwan gishiri ne a ciki. Tun 1962 aka fara sa ta a Houston ta Amurka, ba sabon abu ba ne. Aikin gajere ne, awa ɗaya zuwa biyu ake ƙarawa kan na cirewar, ba a taɓa wani wuri a jikinki, kuma an fi saurin miƙewa. Ko a sa ta dindindin a ranar in fatar da aka bari tana da lafiya, ko a fara sa wata jaka ta wucin gadi da ba komai a ciki sosai, duk sati ɗaya ko biyu ki zo a tsira allura ta wata ƙofa da ke jikinta a ƙara ruwan gishiri, fatar tana buɗewa a hankali, kwana ɗaya biyu bayan kowane ƙari za ki ji ƙirjin ya ɗaure, in an kai girman da ake so sai a jira 'yan watanni a sake shiga tiyata a musanya da ta dindindin. Yawancin irin wannan jakar akwai maganaɗisu a ƙofarta, don haka ba a shiga injin MRI da ita, ki dinga faɗa duk inda aka tura ki hoto. Ana sa robar ko a ƙarƙashin tsokar ƙirji ko a samanta. Ta ƙarƙashi ta fi rufuwa amma duk sanda kika yi aikin ƙarfi da hannu, wanki ko tuƙa tuwo, za ki ga nonon ya motsa ya tsuke. Ta sama ba ta wannan amma ga siririyar mace ana iya ganin gefenta ko tattararta ta fata.

Ga wani abu da ba kowa zai tuna ya gaya miki ba. Sau da yawa ana naɗe robar da wani shimfiɗi don ya riƙe ta, kuma shimfiɗin nan wani daga fatar mutum ake sarrafa shi, wani ta saniya, wani kuma ta alade, akwai kuma na zare da ba na dabba ba. In abin ya dame ki, kuma na san da yawanmu zai dame su, ki tambaya kai tsaye wanne za a sa, musamman in a ƙasar waje za a yi aikin inda ba lallai ya zo musu a rai ba.

Roba ba ta har abada ba ce, wannan ki sa a ranki. Tana iya fashewa, jiki na iya yi mata kwanso mai tauri ya matse ta, in ƙwayar cuta ta shiga kuma sau da yawa sai an fitar da ita an jira watanni. Mace mai shekara 35 da aka sa wa roba ta san akwai yiwuwar ta sake komawa tiyata sau ɗaya ko biyu a rayuwarta, kuma kuɗin wannan ma lissafi ne. Hukumar magunguna ta Amurka tana ba da shawarar a duba ta silikon da sikanin ko MRI bayan shekara 5 zuwa 6, sannan duk shekara 2 zuwa 3. Akwai kuma wata sankarar da ba a cika samu ba da ke tasowa a kwanson roba mai kaushin baya, saboda ita ne kamfanin Allergan ya janye wani nau'in robarsa daga kasuwa a 2019, don haka ki karɓi katin da ke ɗauke da sunan kamfani da lambar robarki ki adana, in kuma nonon ya kumbura haka kawai bayan shekara ɗaya ko fiye ki je asibiti. Sannan maganar kama, roba a tsaye take cak, ba ta zubewa, ba ta ƙiba ba ta rama tare da ke, da sanyi kuma za ki ji ta da sanyi. Macen da ta shayar da yara biyar shida, ɗayan nonon ya kwanta, in aka sa mata roba a gefe ɗaya ba za su taɓa zama daidai ba sai an ɗaga ɗayan, a cikin rigar nono dai ba mai ganewa.

Hanya ta biyu naman jikinki, kuma nan ne nake so in ɗan tsaya. Mafi daɗewa shi ne na baya, likitoci na ce masa LD, wani ɗan Italiya Iginio Tansini ya bayyana shi tun 1906. Akwai wata faffaɗar tsoka a bayanki ƙasan allon kafaɗa, ita ake ɗagowa da fata da kitsen da ke kanta, ba a yanke jijiyar jininta da ke hammata ba, a zuro ta ta ƙarƙashin fatar hammata a fito da ita gaba. Tunda ba a yanke jijiyar ba ba a buƙatar madubin ƙara girma ko ɗinkin jijiya, da wuya naman ya mutu, kuma yana kawo lafiyayyen jini wurin da gashi ya ƙona. Matsalarsa ba shi da auki, in nonon babba ne sai an ƙara 'yar roba a ƙasa ko a bi shi da allurar kitse. Za ki samu tabo a baya, ana ƙoƙarin sa shi inda igiyar rigar nono ke bi, ruwa kuma yana yawan taruwa a bayan har sai an zuƙe da sirinji sau da dama, wannan yana faruwa da mata da yawa, kar ki tsorata. Ƙarfin kafaɗa yana ɗan raguwa, yawancin mata da motsa jiki ba sa lura, amma mai jan guga a rijiya kullum ko mai daka ko mai tafiya da sanduna ta faɗa wa likita irin aikinta. Ni dai a yanayinmu wannan hanyar nake ganin ta fi dacewa da mata da yawa, don ba ta da shagwaɓa.

Sai na ciki, wato fata da kitsen da ke tsakanin cibiya da mara. Shi ne ya fi kama da nono na gaskiya, laushi da ɗumi da zubewa, in kin yi ƙiba ya yi in kin rame ya rame, kuma matan da suka haihu da yawa galibi suna da isasshen nama a wurin. Tsohuwar hanyar sunanta TRAM, Carl Hartrampf ya fito da ita a Atlanta a 1982, ana ɗaukar naman haɗe da tsokar ciki guda a zura ta ƙarƙashin fata zuwa ƙirji. Tana aiki, amma cikin yana rauni, wasu sai ya ɓullo ta gefe ɗaya ko da an sa raga an ƙarfafa. Sabuwar ita ce DIEP, likitocin Japan Koshima da Soeda suka fara bayyana ta a 1989, Robert Allen ya yi amfani da ita wajen gyaran nono a 1994. A nan tsokar ana barinta a inda take, likita zai bi 'yan jijiyoyin jinin da suka ratso ta cikinta ya zare su a hankali, ya yanke naman gaba ɗaya daga ciki, ya kai ƙirji, ya buɗe tsakanin haƙarƙari ya nemo jijiyoyin da ke wurin, kaurinsu bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, ya ɗinke su da juna a ƙarƙashin madubi da zaren da ya fi gashin kai siranta. Kamar dashen itace ne da saiwarsa, in saiwar ta kama shikenan ya zama na wurin har abada. Aikin yana cin awa 6 zuwa 8, wani lokacin fiye, kuma kwana biyu uku na farko su ne masu haɗari, nas za ta dinga zuwa kusan duk awa ta taɓa naman ta ji ɗuminsa, ta ɗora wata 'yar na'ura ta saurari bugun jinin, don in jijiyar ta toshe awoyi kaɗan ake da su a koma tiyata a buɗe, ko da ƙarfe ukun dare ne. A fatarmu baƙa canjin launi ba ya saurin nunawa, don haka na'urar nan da gogewar nas ɗin ba abin wasa ba ne. Shi ya sa in an ce za a miki DIEP ki tambaya ba kunya, sau nawa kuke yi a shekara, wa zai duba ni da dare, in ya toshe akwai ɗakin tiyata a shirye? In amsar tana rawa, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, ki koma na baya.

Wasu 'yan abubuwa kan na ciki. Tabo ne dogo daga ƙugu zuwa ƙugu, cibiya ma sai an sake mata wuri, sati ɗaya biyu na farko a ɗan duƙe za ki dinga tafiya, sallah kuma a zaune har likita ya ce ki fara sujada. Tsohon aikin haihuwa na ƙasan mara yawanci ba ya hanawa, ana yin hoton CT a ga jijiyoyin tukuna, amma wadda aka taɓa yi wa aikin rage tumbi ba za a iya ba. Sau ɗaya ake ɗibar naman cikin a rayuwa, in an yi wa gefe ɗaya yau ba sauran na ɗayan gobe. Ana iya ɗaukar ciki a haihu bayansa, amma in kina da niyyar haihuwa nan kusa ki faɗa a tsara. Wadda ba ta da tumbi ana iya ɗauka daga cinya ko ɗuwawu, sai dai masu yin wannan ba su da yawa.

Allurar kitse kuma ƙarin gyara ce, a zuƙo daga cinya ko ciki a tace a tsira inda ya lotsa, wani kaso jiki yana shanyewa don haka akan maimaita sau biyu uku. Kan nono shi ne ƙarshe, bayan wata 3 zuwa 6 in komai ya zauna, a ɗan yanka fatar wurin a naɗe ta ta yi tsini, launin kewayen kuma ko da zanen allura irin na tattoo ko da dashen fata mai duhu daga matsematsi. Akwai ma na silikon da ake mannawa a cire, wasu kuma cewa suke ya ishe su haka.

Na san tambayar da ke ran wasu, shin ba canza halitta ba ne? Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Malesiya a 2007 ta halatta tiyatar da ke mayar da gaɓa yadda take bayan cuta ko haɗari, har ta ambaci sake gina nono bayan an cire shi. Malamai kuma suna kafa hujja da Arfaja ɗan As'ad, sahabin da aka yanke wa hanci a yaƙi ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinare. Inda za ki ji saɓani shi ne zanen allurar, wannan ki kai wa malamin da kika yarda da shi, tunda akwai madadinsa. Shi kuma maigida a tafi da shi ganin likita ya ji da kunnensa, amma jikin naki ne, kar ki yi aikin awa takwas don tsoron kishiya, kar kuma ki fasa don wani ya ce ai kin girma. Wadda ta ce ita ba ta son ƙarin wuƙa ita ma zaɓi ne cikakke, sai ta ce wa likita tun farko ya ɗinke mata wurin a shafe sumul, kar ya bar tudun fata a gefen hammata da zai dinga gogar hannu, sannan ta nemi nonon silikon na sawa a riga mai aljihu, nauyinsa yana taimaka wa kafaɗa ta daidaita, lokacin zafi kuma na auduga ko saƙa ya fi daɗi.

Shirin kafin aiki ba shi da yawa amma kowanne da dalilinsa. Sigari da shisha a daina aƙalla sati 4 zuwa 6 kafin da bayan aiki, don suna tsuke ƙananan jijiyoyi fatar ta mutu. Mai ciwon suga ta saita shi. Ki kawo duk abin da kike sha a leda ki zube gaban likita, har da jiƙe-jiƙe da asfirin da tamoksifen, ƙwayar maganin sankarar mama, in an riga an fara miki, wasu suna sa zubar jini wasu suna sa daskarewarsa. In jikinki mai yin tabo ne mai tasowa, irin wanda huda kunne ke zama ƙullutu, ki nuna masa, mu baƙaƙen fata mun fi yinsa kuma tsakiyar ƙirji na cikin wuraren da ya fi so. A tanadi masu ba da jini. Kuɗi kuma a rubuta miki duka, har da aiki na biyu da na uku, ba na ranar farko kaɗai ba, ki kuma leƙa ofishin walwala na asibitin ki tambayi asusun tallafin masu kansa na gwamnatin tarayya da abin da inshorarki ke ɗauka. Mai fita Indiya ko Masar ko Turkiyya ta samu likita a gida da ya yarda zai karɓe ta in ta dawo, ta taho da rahoton aikin a rubuce, kuma kar ta hau jirgi da wuri don gudun kuɗin masauki, jini na iya daskarewa a ƙafa.

Bayan aiki za ki farka da roba ɗaya ko biyu ko uku na zuƙar ruwa, kowace da 'yar gorarta, sau da yawa da su ake sallama. Ki ɗinka ɗan aljihu a cikin riga ko ki maƙale gorar da fil a zani kar ta yi lilo ta fizge, kullum da safe a lokaci ɗaya ki juye ki auna ki rubuta a takarda, da farko ja ne sai ya koma ruwan ɗorawa, yawanci in ya sauka ƙasa da mililita 30 a kwana ake cirewa. Ki tashi ki taka tun washegari, motsa kafaɗar da aka koya miki ki yi shi kullum ko da ba daɗi, in ba haka ba ta ƙage, ɗaukar yaro ko bokiti ko goyo kuwa sai bayan sati 6 zuwa 8. Wanka na wajibi ki tambayi likita yaushe ruwa zai taɓa wurin, kafin nan akwai sauƙin shafa kan bandeji da taimama.

Wanda nake roƙonki da Allah ki riƙe shi ne maganar zafi. Nonon da aka gyara da fatar cikin da aka ɗebo ba su da ji kamar da, wani wurin ma ba ji sam, kuma mun saba duk wadda aka yi wa aiki sai tsofaffi sun zo da tafasasshen ruwa da tawul a gasa mata jiki. A wannan wurin ba a yi. Fatar za ta ƙone ta sale ba ki ji komai ba sai kin ga ƙuna, kuma ƙuna a kan roba na iya kai wa ga cire ta. Haka tsayawa dab da murhu, da rungumar kaskon turaren wuta cikin lulluɓi, da wankan jego in an haihu daga baya, ruwan wanka ki gwada shi da hannu tukuna. Kar a shafa man zafi ko wani haɗi a kan ɗinkin. Zazzaɓi, wari ko mugunya, nono ya kumbura farat ɗaya ko ya yi sanyi ya ƙara duhu, ciwon sha-raɓa, numfashi sama-sama, duk waɗannan asibiti ne a daren, ba sai gari ya waye ba.

Nonon da aka cire aka gyara ba ya kawo ruwa, amma ɗayan shi kaɗai yana iya shayar da jariri. Gyara ba ya jawo sankara ta dawo, kuma ba ya hana a gane in ta dawo, sai dai ba ya maye gurbin bibiya, ɗayan nonon mamogiram, wato hoton nono, duk shekara, wadda aka cire wa ƙullutu kawai duka biyun za a dinga ɗauka, ƙwayar da aka ce ki sha shekara 5 ko 10 ki ci gaba da sha. In kin ji wani tauri a sabon nonon sau da yawa kitse ne da ya daskare, amma ba ke za ki yanke wannan ba, ki kai a duba da sikanin a satin.